Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma: Ziyara Zuwa Jajaye

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya bi hanyar Gwarzo, sa'an nan ya karkata kudu ya ratsa Karaye, idan ya ci gaba da tafiya zai shiga ƙasar Rogo. Nan ne kusurwar Jihar Kano ta kudu maso yamma, inda ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna. Jajaye tana ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rogo. Karaye da Rogo kuwa tafiyarsu ɗaya tun da daɗewa. A shekarar 2019 aka ɗaukaka Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka. A 2024 aka rushe wannan tsari, aka sake kafa ta a daraja ta biyu, aka bar mata ƙananan hukumomi biyu, watau Karaye da Rogo.

Ƙasa ce ta noma. Damina a nan ta fi ta arewacin Kano ƙarfi, domin wannan dawa da masara da waken soya da barkono suna yi ƙwarai, fadamu kuma cike su ke da rake. Tun da aka gama babbar madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, kamun kifi da noman rani sun ƙaru a wannan sashe. Mun je da kaka, mu da waɗansu malaman makaranta, sa'ad da a ke ɗaure dammunan dawa, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa.

Dalilin da ya sa mu ke kawo muku labarin wurin shi ne, Kirsimati ta kusa, baƙi za su cika gidaje. Mun san iyalai da yawa, musamman a birane, waɗanda zuwan baƙo ya zama musu abin fargaba. Maigida ya ci bashi domin ya sayi buhun shinkafa da katan ɗin lemo, uwargida ta wuni a bakin murhu ba ta ko ga fuskar baƙin ba, watan Janairu ya zo ba kuɗin makarantar yara. Waɗansu kuma saboda kunya sun daina gayyatar kowa. Mutanen karkarar Rogo ba su fi mu kuɗi ba, amma baƙo ba ya tsorata su. Ya kamata mu duba yadda su ke yi.

Daga Ƙofar Gida

Abin da baƙo ya ke fara tararwa shi ne zaure. Ɗaki ne ba kayan ado a ciki, sai tabarma, ko buzu, wani lokaci da benci. Amma a share ya ke, an yayyafa masa ruwa saboda ƙura. Baƙo zai tsaya ya yi sallama. Ko maigida ba ya nan, ba za a bar shi tsaye ba. Yaro zai fito ya yi masa shimfiɗa, wani ya ruga gona ko tsakar gari ya kira maigida.

Gaisuwa ba a gaggauta ta. "Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya mutanen gida? Yaya sanyi?" A tambayi uwargida, a tambayi yara, a tambayi dattawan da a ka baro. Idan an numfasa, a sake sabuwar gaisuwa. Mu da mu ka saba da ƙararrawar makaranta muna iya ganin kamar ɓata lokaci ne. Amma cikin wannan doguwar gaisuwa ne gajiyar baƙo ta ke sauka, ya tabbata ba a ƙosa da shi ba. Ba mai tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa ya huta. Ba kuma mai tambayarsa ranar da zai koma.

Ruwan da a ke kawowa daga randa ya ke fitowa, wadda a ka kafa a inuwa bisa yashi mai laima. Jikin randar ƙasa yana tsatsafo, iska tana busar da laimar, ta haka ruwan ya ke yin sanyi ba tare da lantarki ba. A kan kawo shi cikin kwano mai murfi, ko ƙwarya an rufe da faifai. Yarinyar da ta kawo za ta durƙusa ta ajiye, ta gaida baƙo, ta koma. Bayan ruwa sai fura da nono, ko kunu. Idan lokacin rake ne, a yanko kara biyu ko uku a fere a gutsuttsura.

Abin Da Ke Cikin Rumbu

Ba mu ga gidan da a ka aika kasuwa domin mun zo ba. Abin da a ka ba mu daga rumbu ya fito da bayan gida: tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, an ɗiga man shanu a kai, da safe kunun tsamiya da ƙosai, da rana dambun masara da zogale, an barbaɗa ƙuli an zuba man gyaɗa. Abin da ya bambanta tuwon baƙo da na kullum shi ne kaza ko zabo da a ka kama a tsakar gida, da kuma kwanon da a ka zuba, gama kowace mace tana da kwanonin da ta keɓe ba a taɓa su sai an yi baƙo.

Akwai wata al'ada da ta ke rage wa maigida nauyi ƙwarai. A babban gida, inda 'yan'uwa su ke zaune kowa da sashensa, baƙon mutum ɗaya baƙon kowa ne. Da magariba sai ka ga yara suna shigowa zaure ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwano: wannan daga sashen wan maigida, wannan daga na ƙanensa, wannan daga maƙwabta. Ba wanda ya dafa abu mai yawa, amma gaban baƙo ya cika. Gobe idan maƙwabci ya yi nasa baƙon, haka za a yi masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sau da yawa idan an ajiye abinci da ruwan wanke hannu, maigida ya kan ba da wuri, domin kada baƙo ya ji kunyar ci. Baƙo mai hankali kuma ba ya suɗe kwano. Ya kan rage wa yaran da za su kwashe.

Zaƙin wannan ƙasa kuwa mazarƙwaila ce. Daga Rogo har zuwa Maƙarfi a Jihar Kaduna an san su da rake. A kan matse raken a injin, a tafasa ruwan cikin manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Da ita a ke sa wa kunu zaƙi, ita ce alewar yara, ita ce kuma tsarabar da ba ta lalacewa a hanya.

Baƙo Da Maƙwabci

Yawancin mutanen ƙasar Rogo da Karaye Musulmi ne. Akwai kuma gidajen Hausawa Kirista a ƙauyuka, da yawansu zuriyar Maguzawa. Kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya. Zaman tare ya koya musu abin da ya kamata kowane gidan Kirista a Arewa ya sani. Idan za a yi yanka domin biki, a kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka, domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Idan baƙo Musulmi ne, lokacin sallarsa ya yi, a kan ba shi buta da ruwa da tabarma mai tsabta, a nuna masa gabas, a hana yara surutu. Ranar Kirsimati kwanoni suna fita zuwa maƙwabta, ranar Salla kuma suna shigowa. A zamanin da ƙaramar magana ta kan tada fitina tsakanin mutane, kwanon waina da ya ƙetare katanga yana yin aikin da taron sulhu ba ya yi.

Dā a gidajen Maguzawa burkutu ne abin tarbar baƙo da na gayya. Gidajen da su ka bar shi ba su bar baƙo da ƙishi ba. Sun maye gurbinsa da kunun zaƙi da zoɓo, gayya kuma ba ta fasa taruwa ba.

Bayan cin tuwo sai hira. A hura wuta da karan dawa saboda sanyi, a gasa dankali ko gyaɗa a toka. Dattawa su yi zancen damina da farashin taki da labarin garin baƙo. A cikin gida tsofaffi mata suna yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ka-cici-ka-cici. Baƙuwa mace tana can tare da su, gama ita ba ta tsayawa a zaure, kai tsaye a ke shigar da ita ɗakin uwargida. Kafin a kwanta, a kai wa baƙo bargo da fitila da ruwa, a nuna masa makewayi, kada ya rasa wanda zai tambaya da tsakar dare.

Ranar tafiya ba a yin ban kwana a bakin ƙofa. Maigida ya kan ɗauki jakar baƙo, ko ya ba yaro, ya taka masa har bakin hanya. Cikin jakar kuma an riga an sa mazarƙwaila, ko ƙullin kuka da daddawa, ko ƙwan zabi, "a kai wa yara." Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Farawa sura 18, yadda Ibrahim ya tarbi mutum uku: ruwan wanke ƙafa, inuwar itace, gurasa, ɗan maraƙi daga garkensa, da kindirmo da madara, daga baya kuma ya raka su. Duk abin da ya ba su daga cikin gidansa ya fito.

Abin Da Za Mu Iya Yi A Gidajenmu

Ba kowa ke da zaure ko rumbu ba. Wani ɗaki biyu gare shi a gidan haya a Sabon Gari ko Tudun Wada. Duk da haka ga waɗansu shawarwari.

Da fari, maigida da uwargida su zauna tun mako biyu kafin biki, su ƙidaya baƙin da su ke sa rai, su duba abin da ke hannu. Abin da kuɗin ya isa, shi za a yi. Kada a taɓa kuɗin makaranta, kada a ci bashi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, a yi abin sha a gida. Zoɓo ba wuya: a wanke shi, a tafasa da citta da kanumfari, a tace, a sa mazarƙwaila ko sukari, a bar shi ya huce cikin tulu. Kunun tsamiya kuma, a surfa gero a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da barkono kaɗan, a tace. A jiƙa tsamiya a tace ruwanta a tafasa, a sheƙa bisa ƙullun ana juyawa har ya yi kauri. Kuɗin katan ɗaya na lemon kwalba zai shayar da taro idan an bi ta wannan hanya. Ruwan da za a yi amfani da shi ya zama tafasasshe ko na famfo mai tsabta, kofuna kuma a wanke su da sabulu.

Na uku, abinci kala ɗaya mai kyau ya fi kala huɗu da su ka gajiyar da mai dafawa. Waina da miyar taushe ta isa biki. Kabewa tana da araha da kaka, gyaɗa da alayyafo ma haka, kaza ɗaya kuma idan ta shiga miya tana kai wa ga mutane da yawa. A jiƙa shinkafa a niƙa tun daren jiya domin ƙullun ya tashi, da safe sai suya kawai.

Na huɗu, a raba aiki. Yara maza su yi shara da ɗebo ruwa da shimfiɗa, su wanke kwanoni kuma, ba abin kunya ba ne. 'Yan mata su taya suya. A koya wa kowane yaro yadda zai gaida babba da yadda zai miƙa abu da hannun dama. Idan aiki ya rabu, uwargida za ta sami sararin yin wanka ta sa zanenta ta zauna da baƙinta.

Na biyar, ku haɗa kai da gida biyu ko uku na kusa da ku, kamar yadda a ke yi a babban gida. Wannan ya yi waina, wannan ya yi miya, wannan ya yi zoɓo, a taru a tsakar gida ɗaya.

Na shida, sa'ad da baƙo ya zauna, a rage muryar talabijin, a ajiye waya. Mutum bai taso daga nesa domin ya kalli ƙeyar maigida ba. A shirya wa yara wasa ko ka-cici-ka-cici, a bar tsoho ya ba da labarin garinsu.

Abu na ƙarshe, ku duba wanda ku ke gayyata. Abokin aiki da mai kuɗi suna da inda za su ci. Amma a kowace unguwa akwai gwauruwa da 'ya'yanta su ke nesa, akwai ɗan makaranta ko ɗan bautar ƙasa da bai sami kuɗin mota zuwa gida ba, akwai maƙwabcin da ba ku taɓa shiga ɗakin juna ba ko da ya ke katanga ɗaya ta raba ku. Zumunta a ƙafa ta ke. Ku aika yaro tun yau ya faɗa musu rana da lokaci, ku share ƙofar gida, ku cika randa.