Sabon Rauni da Tsohon Ciwo

Mu da muka tashi a Gombe tun tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a ba mu tamu jihar a 1996, magani ɗaya muka sani na targaɗe: gashi. Yaro ya gurɗe ƙafa wajen langa ko tamaula, uwarsa ta ɗora ruwa a murhu, ta tsoma tsumma ta yi ta danna masa yana ihu, sannan a bi da man zafi a murje. Ƙauna ce ta sa su. Iyayenmu na tsoron sanyi ya shiga jiki, ƙanƙara kuwa a lokacin sai gidan wane da wane.

Amma na sha ganin ƙafar da aka gasa da yamma ta wayi gari ta yi suntum. Sabon rauni ƙananan hanyoyin jini ne suka fashe a ƙarƙashin fata. Zafi yana buɗe su, jini da ruwa su ƙara taruwa a wurin, murza kuma ta ƙara ɓata abin da ya riga ya yage. Sanyi shi ne ke tsuke su, ya kwantar da zogi. Duk wanda ya taɓa kallon Gombe United a filin wasa na Pantami ya ga abin da ake ɗora wa ɗan wasan da ya bugu: ƙanƙara, ba ruwan zafi ba.

Yau ba ta da wuyar samu. Ledar fiya wata da ta daskare ta wadatar. A naɗe ta a tawul ko ɗankwali, kada ta taɓa fata kai tsaye, a ɗora minti 15 zuwa 20, a cire, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Haka za a riƙa yi jefi-jefi a kwana biyun farko. Kada kuma a wuce gona da iri. Gabe Mirkin, likitan wasanni na Amurka da ya yaɗa wannan tsari a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa, domin shi kumburin yana cikin aikin da jiki ke yi na gyara kansa.

Ban raina gashi ba, ni da nake cin moriyarsa. Idan hunturu ya kama, ƙugu ya riƙe, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa a sallar asuba, ɗumi ne ke sakin jiki. Sai dai ina jin tsoronsa ga tsarana masu ciwon suga, waɗanda ƙafarsu ta daina jin zafi. Na san wani dattijo da ya tsoma ƙafa a ruwan da ya ɗauka mai ɗumi ne, sai da fata ta saluɓe, gyambon ya ɗauki watanni. Irinsu, wani ya fara taɓa musu ruwan.

Wanda kuma ya faɗi a acaɓa ya kasa taka ƙafa, ko gaɓa ta karkace, to ba maganar zafi ko sanyi ake ba. A kai shi Asibitin Ƙwararru na Jekadafari ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a ɗauki hoton ƙashi. In ma an riga an je wa maɗori, a sa ido a kan yatsu: da sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko sun daina ji, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.