Daga Magarya zuwa Dungas: aji mai sanyi ba da lantarki ba

Wanda ya taso daga Damagaram ya yi kudu, in ya wuce Bande, sai Magarya. Dungas tana gabas da ita. A 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Ƙasar hatsi ce da gujiya, gawo ya cika gonaki.

A hanya, matafiyi yana ganin aji iri biyu. Akwai na kwano. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, ajin ya koma kamar tanda, yara su kasa karatu. Akwai kuma na zana. Shi yana da iska, amma yana tsoron wuta. A Nuwamba 2021 gobara ta ci irin wannan aji a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu.

To, ina mafita? A Yamai, a kwalejin Amadu Hampate Ba, an yi bango da jan dutse. Rufi biyu ne: na ƙasa a ciki, kwano a bisa. Iska tana ratsa tsakaninsu, tana kwashe zafi.

Maginan Magarya da Dungas sun san aikin ƙasa tun kaka da kakanni. Bango mai kauri yana tsare zafin rana. Tagogi su dubi kudu da arewa, kada hantsi da la'asar su shiga. A bar gawo a filin lakwal, domin shi da rani yake ganye.

Iyaye, in za a gina kwaleji a garinku, ku tambayi magini ta ina iska za ta shiga.