Daga Samaru Zuwa Ikara, Ina Neman Sawun Ɗaliban Jarida

Ƙarfe 7 na safe na bar Samaru, hazo ya rufe ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello har ba ka gane fuskar mutum sai ya zo daf da kai. A nan ake koyar da aikin jarida, a nan kuma gidan rediyon jami'ar yake. Abin da ya fito da ni daga Kano shi ne in ga ko tallafin da ake ta zubawa a sassan koyar da jarida yana isa garuruwan da ke bayan katangar jami'a.

Tallafin dai ba ƙarya ba ne. A gida na san yadda Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, aka ƙarfafa koyar da binciken ƙwaƙwaf, aka samu kayan aikin rediyo da talabijin na zamani. Asusun TETFund na gina ɗakunan karatu. A 2020 kuma hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta rarraba darasin sadarwa zuwa fannoni daban-daban, aikin jarida ya tsaya da ƙafarsa.

Na biya naira 1,000 zuwa Hunƙuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan. Mu huɗu aka cusa a baya, ga kwandon wata baiwar Allah a kan gwiwata. Kafin mu isa ƙafata ta yi tsami. Gonar inabi ce ta mantar da ni. Ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba sai ranar: an kafa turaku, an ja waya, ganye ya yi rumfa, 'ya'yan na reto a sama da kai. Mai gonar, dattijo mai fara'a, ya tsinko mini nono guda. Na ce, "Baba, 'yan jarida na zuwa nan kuwa?" Ya ce, "Ɗana, sai ran da babban mutum zai zo." Rediyonsa na rataye a jikin turke, ya san halin da ake ciki a Gaza da Sudan, amma bai taɓa jin an faɗi farashin inabin Kudan a cikinsa ba.

Na komo Kwangila a Zariya da hantsi, na shiga motar Kano, naira 1,500 zuwa Tashar Yari. Babban titi ne, rabin awa da ɗoriya muka sauka, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni cikin Makarfi.

Rake kam ko ina ka waiga. A Kano guntu-guntu nake ganinsa a baro, a nan kuwa dami-dami ake loda wa manyan motoci. Na daɗe a wurin masu mazarƙwaila. Ana tura kara cikin injin matsa, ruwan na zuba a daro, sai a juye shi cikin ƙaton kasko a kan wuta, ana hura ta da busasshiyar tukar raken. Wani saurayi na ta juyawa da doguwar muciya, gumi na karyo masa duk da sanyin hunturu, har ruwan ya yi kauri ya koma ja, aka zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Na tambaye shi wa ke yanke farashi, ya ce dillalai. Labari ne cikakke a tsaye a gabana: nawa manomi ke samu a dami, nawa dillali ke ci, me tsadar taki da man fetur suka yi wa sana'ar. Ɗalibin aji uku zai iya haɗa shi cikin yini biyu, in da wanda zai biya masa kuɗin mota da wanda zai sa shi a iska.

A nan ne ganina ya bambanta da na masu rabon tallafi. Sutudiyo da kyamara suna da amfani, ba na musu. Amma kaso kaɗan na irin wannan kuɗi zai isa a ƙulla yarjejeniya tsakanin sashen jarida da gidajen rediyon Zariya da Kaduna: ɗalibi ya je ƙaramar hukumarsu ya ɗauko rahoto da Hausa, malami ya tace, gidan rediyo ya ba shi minti biyar a mako. Shirin Campus Reporter na cibiyar CJID ya nuna ɗalibai na iya aikin, sai dai akasarin abin da ake wallafawa da Turanci ne a intanet, mai mazarƙwaila kuwa da rediyo ya dogara. Labari da Hausa ba sabon abu ba ne a yankin: a Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, wasiƙun masu karatu na zuwa mata daga garuruwa na nesa.

Bayan azahar na kama hanyar Ikara, naira 1,500, fiye da awa guda saboda tsaye-tsayen sauke fasinja. Na isa a gajiye, ƙura har cikin kunne. Na je na ga masana'antar tumatir da aka gina tun farkon shekarun 1980, wadda ta sha tsayawa da tashi. Manoman yankin ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A lokacin jaridun duniya sun yi ta maganar, da abin ya lafa kowa ya watse.

Ina roƙon shugabannin sassan jarida na Zariya da Kano, in za su sake rubuta takardar neman tallafi, su sa layin kuɗin motar ɗalibai zuwa Hunƙuyi da Makarfi da Ikara, su kuma sa sunan gidan rediyon da zai watsa abin da yaran suka samo.