Tsagen Gobir a Fim da a Waya

A fuskar waya kowane hoto garau yake fitowa. Sai an buga shi a babbar takarda ake sanin abin da ya riƙe. Na ga haka da idona lokacin da gidanmu a Isa suka so a ƙara girman hotunan dattawanmu biyu don a rataye a zaure.

Na kakanmu tsoho ne, baƙi da fari. Mai hoton da ya ɗauke shi ya ajiye fim ɗin a ambulan, irin faffaɗan nan mai lamba 120 da Kodak ta fitar a 1901, wanda ake sa wa Rolleiflex da Yashica, kyamarorin da ake leƙawa ta sama. Kowane hoto santimita 6 ne tsawo da faɗi, guda 12 a naɗi, ya ninka fim ɗin milimita 35 fiye da sau uku. Da irinsa mai ɗaukar hoto Malick Sidibé ya yi suna a Bamako. Da aka wanke hoton kakan babba a Sakkwato, sai ga tsagen Gobirci a kumatun tsohon ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ga zaren aska takwas a ƙirjin rigarsa, har saƙar rawaninsa ta fito.

Na baffanmu kuwa da waya aka ɗauka, ya bi hannu ya bi hannu kafin ya iso. Kowace turawa na matse shi, wayar kuma tun farko ta goge masa fuska wai don kyau. Tsagen ya narke, kumatun sun yi sumul. Wannan ya yi mini ciwo, domin yaran yanzu ba a cika yi musu tsage ba, hoto ne zai nuna musu fuskar iyayensu.

Ban ɗora laifin a kan dijital ba. Babbar kyamarar zamani mai madubi nagari tana kamo fim ɗin nan, ta ma wuce shi, musamman inda haske ya yi ƙaranci. Abin da tsohon mai hoton ya yi shi ne ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya saita ta a kan ido, ya adana asali. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ɗana, fim tsada gare shi, ba a danna shi sai an tabbata."

Yanzu in za a ɗauki dattijo, nakan ce a fito da shi inuwa mai haske, a kashe gyaran fuska, a ba ni hoton kai tsaye daga wayar da ta ɗauka.