Abin Da Ya Sa Littafina Ya Fi Tsada A Maraɗi

Yau dai ku yi mini haƙuri, na ɗan jingine cigaban labarinmu zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan uwana na Nijar ne suka dame ni da ƙorafi, kusan kullum sai na samu saƙo: "Anti, me ya sa littafinki a Kano kuɗinsa kaza, mu kuma a nan sai an ninka mana?" Wata ma baiwar Allah daga Damagaram cewa ta yi na mayar da su saniyar tatsa. Maganar ta yi mini zafi, amma ban ga laifinta ba, don ba ta san abin da ke tsakanin ƙofar maɗaba'a da hannunta ba.

Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne Maraɗi ta fi Abuja kusa da Kano. Ka tashi da safe ka bi ta Katsina, ka wuce Jibiya, ka tsallaka Ɗan Isa, in hanya ta yi kyau a can za ka yi sallar azahar. Mutanen kuma namu ne, har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi, domin zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe ne da suka koma can bayan jihadi. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, aure ya sarƙe mu. Amma da zarar ka ɗauki littafi ɗaya tak ka shiga ofishin kamfanin aika saƙo ka ce Maraɗi, sai a janyo maka takardar farashin ƙasar waje. Kuɗin da za a yanka maka sai ya sayi littafin sau da yawa. Shi ya sa babu marubucin da ke bin wannan hanyar, dukkanmu tasha muke nufa.

Lokacin da na fara fitar da littafi, tsarin a fili yake. Ka buga, ka kai wa dillalai a Bata da Sabon Gari, su kuma 'yan kasuwar Nijar su zo sarin atamfa da takalma da kaset ɗin fim, su haɗa da kwali ɗaya ko biyu na littattafai. Littafin ɗan rakiya ne a cikin lodi, ba ya jin nauyin kuɗin mota. Ni akwai wani dattijo mai shago a Maraɗi, Baba nake ce masa, bashi yake ɗauka a wajena, in ya sayar ya aiko da kuɗin ta hannun direba a ƙunshe cikin leda, da 'yar takarda ya rubuta lissafi da ajami. Shekara da shekaru ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba.

A takarda, littafi ba kayan haraji ba ne. Tsarin harajin kwastan na ƙungiyar ECOWAS ya sa littattafai a cikin kayan da ba a biya musu komai, kuma tun da aka kafa ƙungiyar a Legas a 1975 maganar kenan, a bar mutane da kaya su yi zirga-zirga. To amma direba ba takarda yake tuƙawa ba. Ku tambayi duk wanda ya saba hanyar, shingaye ne birjik, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya ɗaga, kuma kowanne sai an gaisa. Wani kwalina an taɓa farke shi a wani shinge, mai kakin ya ɗauki littafi yana jujjuyawa, ya ga hoton budurwa a bango, ya ce wannan ai kayan sayarwa ne ba na makaranta ba. Direban ya rasa ta cewa, fasinjoji suna ta tsaki rana tana yi, dole ya sa hannu a aljihu. Wa zai biya wannan? Direba ya ɗora a kuɗin kwali, mai shago ya ɗora a kan littafi, ke mai karatu ki biya. Ni da na yi watanni ina rubutu cikin dare bayan yara sun yi barci, ko ƙwandala ba ta ƙaru a rabona ba.

Duk da haka ana lallaɓawa, sai watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Shinkafa ake nema, amma littafi ma ya kwana a ciki. Sai Disambar 2020 aka fara buɗewa, Illela da Maigatari suna cikin na farko. A wannan tsakanin sai dai a bi da kaya ta daji a kan babur, kuma ɗan acaɓa da zai ɗauki buhun shinkafa ya samu riba mai tsoka, me zai sa ya ɗauki kwalin littafi? In ya yarda ma kuɗin da zai faɗa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Mun ɗan fara numfasawa kenan, sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka hamɓarar da Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. Har sai watan Maris na 2024 aka sake buɗe hanya.

A wannan rufewar ta biyu ne kwalayena biyu suka maƙale a wani shago kusa da iyaka, ga damina. Da aka buɗe aka kwaso su, na ƙasan duk sun sha danshi, shafukan sun manne da juna, gara ta yi nata rabon. Baba kuwa da na kira shi sai ya ce, "'Yata, na mayar da shagon na kayan masarufi, mutane ta abinci suke yi." Ya biya ni abin da nake bin sa a hankali a hankali har ya gama, Allah Ya saka masa da alheri. Amma daga ranar ba ni da shago a Maraɗi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarowa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, jikar sefa ita ma ta wuce naira 2,000. Wani zai ce to ai kun ji daɗi, kayan Najeriya sun yi arha a idon ɗan Nijar. Haka ne ga wanda kayansa a gona suke fitowa. Mu takardar da muke bugu a kai daga waje ake shigo da ita, da tawadar, da farantin bugun, tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa. Dala ta tashi, mai maɗaba'a ya tashi. Abin da canji ya ba ni da hannun dama, takarda ta karɓe da na hagu.

To ki koma waya mana, in ji masu ba da shawara. Na koma, kamar yadda kusan duk marubutanmu suka koma. Littafin da ke cikin waya babu ruwansa da shinge, babu mai farke shi, damina ba ta jiƙa shi. Ka buɗe zauren WhatsApp ko Telegram, wanda ya biya ka saka shi. Sai dai an gudu ba a tsira ba, labarin yana tsallaka iyaka cikin ƙiftawar ido, kuɗin ne ba ya tsallakawa. 'Yar Kano ko Kaduna za ta tura mini ta banki ko Opay nan take. A da ma katin waya ake turowa mu sayar. 'Yar Nijar kuwa katinta ba ya shiga layin Najeriya ko da sunan kamfanin iri ɗaya ne. Dole ta je ta tura sefa ta Nita ko makamancinsa zuwa ga wani ɗan canji, shi kuma ya turo mini naira daga asusunsa na nan. Ta biya kuɗin turawa, ɗan canji ya cire ladansa, kuma farashin safe daban na yamma daban. Kuɗin littafi ba wani yawa gare shi ba, in aka gutsura nan aka gutsura can, abin da zai iso sai ka rasa ko dariya za ka yi. Manhajojin sayar da littafi kuma yawancinsu katin bankin Najeriya suke nema. Ita OkadaBooks da wasunmu suka dogara da ita ma ta rufe a ƙarshen 2023.

Ga kuma masu fitar da littafi. Mutum ɗaya ta biya, kafin gari ya waye ta watsa shi a zaure goma. Wasu kuma su karance shi da murya su ɗora a YouTube ba sallama ba neman izini. A nan zan faɗi gaskiya ko da 'yan uwana marubuta za su ji haushi, ban cika ganin baƙin mai saurare na Nijar ba. Da yawansu da Faransanci suka yi makaranta, karatun Hausar boko yana yi musu nauyi, sauraro ya fi musu sauƙi, sannan wadda ta so biya ma an sa mata wahala a gaba. Wanda nake jin haushi shi ne mai ɗorawar, da yake cin gumin wani yana kuma roƙon a danna masa ƙararrawa.

A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan Maris kuma ƙawancensu na AES ya sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigarwa daga waje. Na ji mutane suna ta kururuwa a kai. Ni wallahi wannan bai tayar mini da hankali ba. Kobo hamsin ne a cikin naira ɗari. Da a ce shi kaɗai za a karɓa a ba ni rasit a bar kwalina ya wuce, da rawa zan taka. Abin da ke kashe ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya ɗora kaya bai san nawa za su ci kafin su isa ba, bai kuma san ko gobe hanyar a buɗe take ba. Ana ta aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, muna addu'a Allah Ya nuna mana ranar da za mu sa kwali a jirgi.

Kafin nan ga dabarar da na ɓullo da ita. Na samu 'yar uwa ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Damagaram, duk makarantana ne masu amana. Mai son na takarda ta ba su sunanta da kuɗinta da sefa, in an kai adadin kwali guda sai in ɗora wa direba ɗaya da muka saba, ta Jibiya ko ta Daura, a raba kuɗin motar a kan kowa. Mai son na waya ita ma su za ta biya, su tara na wata guda su canza gaba ɗaya, ladan ɗan canji ya zama sau ɗaya maimakon sau talatin. Farashin zai ɗara na Kano, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ba zai kai ninki ba, sai dai ku yi haƙurin jira, don kwali ba ya tashi sai ya cika. Na wannan watan saura mutum bakwai.

Ita kuma 'yar uwata ta Damagaram mai maganar saniyar tatsa, na sa sunanki a ciki, naki kyauta ne. Mu haɗu mako mai zuwa a babi na gaba.