Masallacin Larabanga: Ginin Ƙasa Mai Tarihi a Ƙasar Gwanja

Kakanninmu fatake sun san Gwanja tun kafin a san wata ƙasa mai suna Gana. Can suke zuwa da jakuna sayen goro a kasuwar Salaga, shi ya sa har yau ake jin Hausa a wasu unguwannin Tamale. Wanda ya tashi daga Tamale ya nufi yamma, ya bi ta Damongo, zai isa Larabanga, ƙauyen da ke dab da ƙofar gandun dajin Mole, inda ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Afirka ta Yamma yake.

Mutanen garin suna cewa a 1421 wani ɗan kasuwa mai suna Ayuba ya kwana a wurin, ya yi mafarki an umarce shi da gina masallaci. Suna nuna wata kuka da ke jikin ginin a matsayin inda aka binne shi. Akwai kuma wani tsohon Alƙur'ani da suke adanawa, wanda suke danganta shi da shekarar 1650.

Masallacin ƙarami ne, tsawonsa da faɗinsa kamar mita 8 kowanne. Da ƙasa aka gina shi, aka shafe shi da fari. Ginshiƙai masu tsini sun kewaye bangon suna riƙe da shi, ga hasumiya biyu, ɗaya ta mihrabi a gabas, ɗaya ta kiran salla. Itatuwan da suka fito daga bangon suna ƙarfafa ginin, kuma su magina ke takawa idan za a sabunta yaɓe bayan damina.

A shekarun 1970 aka yi masa yaɓen siminti da niyyar kare shi daga ruwa. Sai simintin ya tsare danshi a cikin bango, gara ta cinye itatuwan, ginin ya fara rubewa daga ciki. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa shi cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari. Aka kankare simintin, aka maido da yaɓen ƙasa, maginan garin kuma suka sa hannu a aikin.

Ingila ma ta koyi wannan darasi. Kusan kowane ƙauye a can yana da tsohuwar majami'a ta dutse, dubbai daga cikinsu sun haura shekara 500. Inda aka liƙe duwatsun da siminti, danshi ya riƙa cin su, dole masu gyara suka koma wa farar ƙasar da maginan farko suka yi aiki da ita. Tun 1877 wani mutum mai suna William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, don hana gyaran da ke shafe asalin gini.

Mu ma muna da irin wannan gado: hasumiyar Gobarau a Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da ganuwar Kano da ke ta zaizayewa. Ginin ƙasa yana daɗewa ne idan ana duba shi kowace shekara da kayan da aka gina shi da su. Ina kira ga sarakuna da masu hannu da shuni su tallafa wa maginan gargajiya, su sa yara su koyi sana'ar daga wurinsu tun suna raye.