Tiyatar Gida

Sunan ne ya fara ba ni dariya tun kafin in ga kayan. Ana saura kwana uku babbar sallar 2023 Yaya ya kira daga Kano, ya ce in share falo, yana tafe da "hom tiyata". Na maimaita da ƙarfi. Iya, kakarmu, tana gefe tana tsinkar zogale, sai ta ɗago kai: "Subhanallahi, wa za a yi wa tiyata?" Gaskiyarta. A Ingilishi kalma ɗaya ce ta ɗakin wasan kwaikwayo da ɗakin fiɗa. Hausa ta ari ta asibiti tuntuni ta bar ɗayar, ga shi yanzu wadda aka bari ta biyo mu cikin kwali. A daren na rubuta wannan a littafin da nake tara kalmomin aro, ƙarƙashin tele da talabijin, bafil da sifika, kuran da nefa, irin tagwayen da iyakar Faransa da Ingila ta haifa tsakanin Damagaram da Kano. Ina jin daɗin kaina, wai na samo abin nuna wa malami.

Gidanmu a Birni yake, tsohon ginin ƙasa, ba nisa da fadar Sarki. Tun ina ƙarami tele ɗaya muka sani, ƙarama mai ƙeya. Bayan isha'i a kifa turmi a tsakar gida, a aza ta, a ja waya daga ɗakin Baba. Ba a gayyatar kowa, ba a kuma korar kowa. Yaran maƙwabta su cika gaba, mata su shimfiɗa tabarmi a baya suna kallo suna gyaran wake, samari su tsaya bakin zaure kamar wucewa za su yi, su kai ƙarshen fim a tsaye. Rabin maganar ba a ji, sai a tambayi na gaba, shi kuma ya ƙara gishiri. Ko labaran Télé Sahel na Faransanci haka ake yi musu, wani ɗan lakwal ya fassara, a yi ta yi masa gyara.

Sabuwar inci 55 ce, siririya kamar faranti, da bafil biyar da wani ƙato na shida mai gurnani. Ni aka ba aikin haɗawa, tunda ni ne ɗan jami'a, ko da yake ilimin harshe nake karantawa a André Salifou, ban san komai ba a kan waya. Takardar bayani ta zo da zane, kuma zanen nan har yau yana cikin kaina. Kujera ɗaya a tsakiyar ɗaki, mutum ɗaya a kanta, ba fuska. Bafil ɗaya a gabansa daidai, shi ke ɗaukar magana. Biyu dama da hagu, kowane a karkace digiri 30. Biyu can gefe ta baya, wajen digiri 110. Duk lissafin don kunnuwa biyu aka yi shi. Mu goma sha huɗu ne a gidan, ban da masu shigowa.

Na bi zanen sau da ƙafa. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, sai da na dasa guntayen itace. Da na gama, tele ta manne a bango, ba ta sake fita tsakar gida ba, don ƙura da hannun yara. Kallo ya koma falo, falo kuwa yana da ƙofa, yana da darduma, ana cire takalmi. Ba wanda ya kafa doka. Yaran unguwa da kansu suka gane, suka koma leƙe ta taga. Wata rana hasken fitilar tsakar gida yana dukan gilashin, na tashi na saki labule, a kan fuskar wani yaro da nake goyo yana jinjiri. Na ji ƙarar silifas ɗinsu suna fita. Na koma na zauna, a kujerar tsakiya.

Abin haushi, bafil ɗin baya ba su da abin faɗa. Finafinan da muke kallo, na Kano da na Indiya fassarar Hausa da ake tura mana a memori, hanya biyu ake haɗa sautinsu, dama da hagu. Babu wani sauti da aka keɓe wa baya. Yaya ya ce shi bai kashe kuɗinsa don su yi shiru ba, sai na danna maɓallin da ke kwasar sautin gaba ya watsa ko'ina. Daren nan Iya tana zaune can ƙurya, ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Wani a cikin fim ya yi sallama. Ta juya wajen ƙofa, ta gyara mayafi, ta ce, "Wa alaikumus salamu, shigo mana." Muka fashe da dariya, har da ni, ni na fi kowa. Ta dube ni ta ce, "Kai miji, kai ka sa bango ya yi mini ƙarya?" Ta lalubi sandarta ta fita. Da wasa ta faɗa, irin na kaka da jika, amma ba ta sake shiga falon da dare ba.

A aji an koya mana cewa kunne yana gane inda murya ta fito ta ɗan bambancin lokacin da sauti ke isa kunnen dama da na hagu. Na ci jarrabawa a kan wannan. Ban taɓa kawo wa raina cewa tsohuwar da idonta ya yi rauni da wannan take sanin wa ya shigo gidanta ba. Ga kuma ƙaton nan, in ya yi gurnani har ƙasa ke zubowa daga azara, magana ta nutse a ciki. Baba ya ce da tsohuwa ba a ji don ƙaranci, da sabuwa ba a ji don yawa.

Wata ɗaya kacal muka mora. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuran ya koma na rabo. Batir ɗinmu na hasken rana fitila da cajin waya kawai yake iyawa. Tiyata ta zama madubi baƙi, Mama ta lulluɓe ta da zane.

Sai ranar 11 ga Fabrairu 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka, Kodebuwa da Nijeriya. Maƙwabcinmu ya ce yana da gurup amma telensa ta ƙone. Ni da Yaya muka kwance tamu daga bango, muka fito da ita kamar amarya, muka jingina ta a kan tebur tsakanin turmi biyu. Bafil biyu kawai waya ta kai. Tsakar gida ta cika har zaure, rabi suna bayan Nijeriya don dangi, rabi suna adawa don haushin kuran. Da Kodebuwa ta ci na biyu, ihun ya zo mini ta gaba, ta baya, ta kan katanga. Yaron nan na taga yana can gaba, bai ko dube ni ba. Iya tana kan tabarmarta tana tambayar wa ya ci, mutum uku suna ba ta amsa uku.

Washegari Yaya ya ce a mayar da ita bango kafin ƙura ta kashe ta. Kuɗinsa ne, shekara biyu yana tarawa, kuma gaskiya ne ƙura za ta kashe ta. Ni na riƙe masa tsani.